Lashe kofi sau biyu a jere ba daidai yake da kakar da ba a sha kashi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili, mutane na ta haɗa abu biyun nan wuri guda kuma ni dai ban yarda ba. Ɗaukar kofi sau biyu a jere abin yabo ne, amma ai an sha yi, a hokin ƙanƙara na maza na jami'o'in Amurka Denver ta yi a 2004 da 2005, Minnesota Duluth ma ta yi a 2018 da 2019, Michigan kuwa har uku ta jera daga 1951 zuwa 1953. To amma wa ya maimaita abin da Cornell ta yi a 1970, wasa 29 duk ta cinye, ko kunnen doki babu?

Haka a ƙwallon ƙafar Amurka, Miami Dolphins ta 1972 ita kaɗai ce ta ci duka wasanninta 17 har da Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi. Patriots ta ci 18 a jere a kakar 2007, Giants ta zo ta doke ta 17 da 14 a wasan ƙarshe, shikenan komai ya rushe. Mai kare kofi yana iya faɗuwa yau ya gyara gobe, mai neman kakar da ba a sha kashi ba kuwa rana ɗaya gola ya tashi da ciwon kai an gama.

Naku,
Wani mai bibiyar shafin wasanni