Tuƙi cikin maye a Teksas: kwana 15 da 'yan'uwanmu ke sakaci da su

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Amurka, da iyayen da suka tura 'ya'yansu karatu can, kan wata tuhuma da ke rusa wa baƙo rayuwa cikin dare ɗaya, wato tuƙi cikin maye. Zan kafa misali da gundumar Fort Bend ta jihar Teksas, a kudu maso yammacin Houston, inda 'yan Najeriya da dama suka yi kaka-gida a garuruwa irin su Sugar Land da Missouri City da Richmond.

A ƙidayar 2010 mutum 585,375 ne a gundumar. Zuwa ƙidayar 2020 sun kai 822,779. Filayen da a da ake noman rake da shinkafa da auduga yau unguwanni ne, kuma motocin haya ba su wadata ba. Wanda aka riƙe wa lasin tuƙi a irin wannan wuri tamkar an ɗaure masa ƙafa ne: zuwa aiki ya gagara, kai yara makaranta ya gagara, masallacin Juma'a ma sai ya roƙi wani ya rage masa hanya.

Na san mai karatu zai ce ina ruwanmu, mu da ba ma shan giya? Nan ne kuskuren farko. Dokar Teksas ta fassara maye ta hanya biyu. Ta farko, a samu gram 0.08 na barasa ko fiye a cikin mililita 100 na jinin direba. Ta biyu, direba ya rasa natsuwar hankalinsa ko ta jikinsa saboda barasa, ko ƙwaya, ko magani, ko duk wani abu da ya sa wa cikinsa. Ke nan taramol da maganin tari mai kodin da maganin barci da wiwi duk sun shiga, ko da mutum bai taɓa kusantar kwalba ba. Dokar ta kuma faɗa ƙarara cewa takardar likita ba ta wanke kowa. Mai ciwon baya da ya haɗiyi maganin da asibiti ya rubuta masa, ya hau babbar hanya yana tangaɗi tsakanin layuka, tuhumarsa ɗaya da wanda ya fito daga mashaya. Sannan mu gaya wa kanmu gaskiya: akwai samarinmu da suka koyi sha a ɓoye, kuma kunyar kada a sani ita ke sa su riƙe sitiyari da kansu maimakon su kira ɗan'uwa ya zo ya ɗauke su. Wanda bai kai shekara 21 ba kuwa, kowane ɗigo na barasa da aka gano a jikinsa yana tuƙi laifi ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Ɗan sanda yakan tsayar da mota kan ƙaramin dalili, kamar rashin sa sigina ko mutuwar fitila ɗaya. Idan ya ji wari ko ya ga idanu sun kaɗa, sai ya ce a fito. Zai ɗaga alƙalami ko ɗan yatsa a gaban fuskarka, ya ce ka bi shi da ido ba tare da juya kai ba, yana duba ko ƙwayar idon na fizga. Zai sa ka yi taku tara a kan layi, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar, ka juyo ka sake tara. Zai sa ka ɗaga ƙafa ɗaya kamar inci shida daga ƙasa kana ƙirga har kusan daƙiƙa 30. Duk wannan kyamara na ɗauka, har da maganar da ke fita daga bakinka. Mai ciwon gwiwa, ko wanda Turancin ɗan sandan ya yi masa sauri, ya faɗa tun a wurin domin ya shiga faifan. Wanda ya ce "kofi biyu kawai na sha" don neman sassauci kuwa ya ba mai gabatar da ƙara shaida da bakinsa.

Bayan kamu sai a nemi ka hura na'urar awon barasa ko ka ba da jini. Mutane da yawa na zaton ƙin yarda dabara ce. A Teksas ƙin yarda na jawo dakatar da lasin na kwana 180 a karon farko, alhali wanda ya yarda aka same shi sama da ƙa'ida kwana 90 ne. Kuma ɗan sanda na iya neman izinin alƙali cikin daren, a ɗebi jinin ko ka so ko ka ƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: shari'a biyu ce ke tashi daga kamu ɗaya, kowace da hanyarta. Ɗaya ta laifi ce a kotun gunduma da ke Richmond, wadda kan ɗauki watanni. Ɗayar ta lasin tuƙi ce, a hannun hukumar tsaron jama'a ta jihar, ita kuwa ba ta jiran kowa. Daga ranar da aka ba ka takardar sanarwar dakatarwa kana da kwana 15 kacal ka nemi a saurare ka. Idan ba ka nema ba, dakatarwar za ta fara aiki da kanta a rana ta 40. Mutum ya fito beli, yana jin kunya, ya jefa takardun a aljihun mota yana jiran ranar kotu, kafin ya ankara kwanakin sun wuce, sai ihu bayan hari. Wanda aka ɗebi jininsa da yardarsa kuma sanarwar kan zo ta gidan waya ne bayan sakamako ya fito, zuwa adireshin da ke jikin lasin. Ɗalibin da ya sauya ɗaki bai sanar da hukuma ba, wasiƙar za ta tafi tsohon gida, shi kuma ya ci gaba da tuƙi da lasin da aka dakatar, wani sabon laifin ke nan. Neman sauraron yana tsayar da dakatarwar har a yanke hukunci, yana kuma ba lauya damar yi wa ɗan sandan tambayoyi cikin rantsuwa tun kafin babbar shari'ar.

Hukuncin laifin kansa hawa-hawa ne. Karon farko ɗaurin kwana 3 zuwa 180 ne da tarar da ta kai dala 2,000. Idan an samu buɗaɗɗiyar kwalba kusa da direba, mafi ƙarancin ɗaurin ya koma kwana 6. Idan awon ya kai 0.15, ɗaurin na iya kai shekara ɗaya, tarar dala 4,000. Karo na biyu kwana 30 zuwa shekara ɗaya. Karo na uku babban laifi ne, shekara 2 zuwa 10 a kurkukun jiha, kuma tsohon laifi ba ya tsufa: na shekara ashirin baya ma ana ƙirga shi. Tun 2019 akwai ƙarin tarar jiha a kan wannan, dala 3,000 a karon farko, 6,000 idan awon ya kai 0.15.

Wanda ya fi ba ni tsoro saboda iyalanmu shi ne na yara. Idan akwai yaron da bai kai shekara 15 ba a cikin motar, ko da karon farko ne, ko da ba a yi haɗari ba, laifin ya zama babba: kwana 180 zuwa shekara 2. Idan aka kashe rai, shekara 2 zuwa 20 ne, kuma tun watan Satumba na 2023 doka ta ɗora wa wanda ya kashe uwa ko uba nauyin biyan kuɗin rainon marayun har su kai shekara 18 ko su gama sakandare.

Galibin masu laifin farko ba sa daɗewa a tsare, akan sa su ƙarƙashin sa-ido ne, amma tsugune ba ta ƙare ba. Akwai ajin wayar da kai na awa 12, da inshora ta musamman mai tsada har shekara biyu, da dala 125 na dawo da lasin, sau da yawa kuma da na'urar da ake haɗa wa makunnin mota, wadda sai ka hura ta tabbatar babu barasa kafin injin ya tashi. Kuɗin sa ta da na hayarta kowane wata daga aljihunka zai fito. Direban tirela mai lasin kasuwanci ƙa'idarsa 0.04 ce idan yana kan aiki, kuma hukunci ɗaya na raba shi da lasin shekara guda ko da a motarsa ta gida aka kama shi, na biyu kuma har abada. Mai jigila da Uber ko Lyft, hukunci ɗaya na rufe masa wannan ƙofa shekara bakwai.

Ga baƙo akwai wani rami da ɗan ƙasa ba ya gani. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka na iya soke biza saboda kamun kaɗai, tun kafin kotu ta ce komai. Ɗalibi ya zo gida hutun Sallah, sai ya tarar ba zai koma ba sai ya sake neman biza, a kuma tura shi wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi. Haka nan tun 2019 Teksas ta ba wasu masu laifin farko damar amsa laifi a jingine hukuncin, idan sun cika sharuɗɗa a sallami ƙarar. Ga ɗan ƙasa sauƙi ne. A dokar shige da fice ta tarayya kuwa, amsa laifin da aka haɗa da wani sharaɗi hukunci ne cikakke, sai a gudu gara a faɗa gidan zago. Mai neman zama ɗan ƙasa da aka hukunta sau biyu a cikin shekarun da ake dubawa, ana ɗaukarsa marar kyawun hali har sai ya kawo hujjar da ta kore hakan.

Don haka ina kira ga limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na Houston da kewaye su sanar da jama'a abu uku. Wanda aka kama ya nemi sauraron lasin kafin kwana 15 su cika, ko da bai gama haɗa kuɗin lauya ba. Kada ya sa hannu a wata yarjejeniyar amsa laifi sai lauyan shige da fice ya duba ta, domin lauyan laifi ba lallai ya san wannan ɓangaren ba. Sannan a samu mutum biyu ko uku a kowace unguwa da saurayi zai iya kira ƙarfe biyu na dare su zo su ɗauke shi, da alkawarin maganar ba za ta kai kunnen kowa ba.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum