Kansar Bakin Mahaifa: Inda Matanmu Ke Rasa Damar Warkewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan kansar bakin mahaifa, musamman abin da ke sa wata mace ta warke ta koma ɗakinta, wata kuma ta rasu cikin 'yan watanni, alhali cuta ɗaya ce ta kama su. Tun da gwamnatin tarayya ta shigar da allurar rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa wannan kansa, cikin jerin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kusan duk maganar da ake yi a rediyo da jaridu ta koma kan allurar. Ina goyon bayan allurar ɗari bisa ɗari. Sai dai ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma tun da ƙwayar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama kansa, matan da za su kwanta da wannan ciwo a shekarun da ke tafe yanzu haka suna gidajen mazajensu suna renon 'ya'ya. A kansu nake son magana, a matsayina na ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya daga sashen mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan cuta a Najeriya, kusan 8,000 kuma suka mutu da ita. Wannan mace-mace ba daga ƙarfin cutar kaɗai take ba, domin alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan an gano ta tun ba ta wuce bakin mahaifa ba, kusan mata 91 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara biyar, idan kuwa ta riga ta yaɗu zuwa sassan jiki masu nisa, waɗanda ke kai wannan lokaci ba su cika 20 cikin 100 ba. Likitoci sun kasa cutar mataki huɗu. A na farko tana bakin mahaifa kawai, kuma sau da yawa tiyatar cire mahaifa ta isa. A na biyu ta fara fita, a na uku ta kai bangon ƙugu ko ta danne hanyoyin da fitsari ke bi daga ƙoda, a na huɗu kuwa ta shiga mafitsara ko dubura, ko ta tafi huhu da hanta. Matakin da mace take kai ranar da ta fara samun magani ya fi kowane abu yanke hukunci a kan rayuwarta, kuma akasarin matan da na gani sai a na uku suke isowa.

An saba ɗora laifin wannan jinkiri a kan matar, a ce kunya ce ko jahilci. A ganina wannan rashin adalci ne, domin yawancinsu sun nemi taimako tun da wuri, sai dai inda suka je ba a gane abin da ke gabansu ba. Alamun farko su ne ganin jini bayan saduwa, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jini ya dawo wa macen da ta daɗe da daina al'ada, ko kuma wani ruwa mai wari da ba ya yankewa. Mace Bahaushiya da ta ga irin wannan jini, abin da ke fara zuwa ranta shi ne sallarta da azuminta. Sai ta tambayi malamar Islamiyya, ko ta aika wa malami tambaya a shirin rediyo, a amsa mata cewa jinin istihala ne, ta yi tsarki ta ci gaba da ibada. Amsar daidai ce ta fuskar fiƙihu, amma ta tsaya a rabi. Jinin da malamai da kansu suka kira jinin ciwo yana bukatar a binciki ciwon da ya kawo shi, kuma da kowane malami zai ƙara jimla ɗaya, ya ce "ki je asibiti a duba bakin mahaifarki cikin makon nan", na tabbata da an ceto rayuka fiye da yadda kowane taron wayar da kai a otal zai ceto.

Daga wajen malami sai kemis. Can kuma kowane ruwa da kowane wari sunansa sanyi, sai a haɗa mata ƙwayoyi da maganin matsi ta tafi, idan bai yi ba ta dawo a canza wani. Na karɓi wata dattijuwa da ta zo da leda cike da kwalayen maganin sanyi da ta shanye, ta zazzage su a kan tebur domin in ga ba ta yi sakaci da kanta ba, kuma a duk wuraren da ta bi babu wanda ya taɓa kwantar da ita ya duba da ido. Dubawar nan ba ta da wuya. Ungozoma mai horo za ta iya shafa wa bakin mahaifa ruwan khal, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari cikin minti ɗaya, a ƙona shi da ƙaramar na'ura a ranar, tun bai zama kansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar HIV kuwa daga 25, domin haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata sau shida, kuma cutar ta fi saurin ci a jikinta, musamman idan tana wasa da shan maganinta.

Akwai kuma maganar da ta zauna a zukatan jama'a cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Saboda ita dangi kan hana a yanki ɗan naman da za a kai ɗakin gwaji, su ɗauke marar lafiya su koma wajen mai magani. Na fahimci inda maganar ta samo asali: wadda aka kawo a mataki na huɗu ta rasu bayan an taɓa ta, sai a ga kamar taɓawar ce ta kashe ta. Gaskiya ita ce babu likitan da zai fara magani ba tare da sakamakon wannan gwaji ba, kuma shi kansa sakamakon kan ɗauki makonni saboda ƙarancin masu duba shi, ana ta kai gwauro a kai mari tsakanin asibitin gari da asibitin koyarwa.

Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, ko a mataki na biyu da na uku ana warkewa, amma da sharaɗi mai tsauri. Maganin shi ne gashi da na'urar haske kwana biyar a mako har kimanin mako biyar, tare da ƙarin ruwan maganin sisfilatin sau ɗaya a mako, sannan gashin ciki, wanda ake kai hasken har bakin mahaifa. Dole a kammala dukkan wannan cikin mako takwas, wato kwana 56, domin binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa kowace rana da aka ƙara a kan haka tana rage damar kashe kansar. Wadda aka yi wa gashin waje kaɗai ba a yi mata na ciki ba, maganinta bai cika ba, ko da jinin ya tsaya ta ji sauƙi. A nan ne muke asarar mata da yawa da suka yi duk abin da aka ce su yi. Cibiyoyin gashi a Arewa 'yan ƙalilan ne, irin su na Shika a Zariya, da Sakkwato, da Gombe, da Abuja, a Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe ta farko ta gwamnati a Yamai. Idan na'ura ta lalace ko ma'aikata suka tafi yajin aiki a tsakiyar magani, lissafin kwanakin nan ba ya tsayawa ya jira.

Ko na'ura tana aiki, zaman mako takwas a garin da ba ka da kowa ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da ke hannu baka hannu ƙwarya. Duk wanda ya ratsa barandar sashen kansa da asuba zai ga tabarmi a jere, da butoci da kulolin abinci, 'yar rakiya tana wanke tsummokaran da marar lafiya ta ƙunsa cikin dare domin kuɗin auduga ya ƙare. An sayar da awaki, an jinginar da gona, kuɗin ya kai mako na uku ya tsaya, sai a ce za a je gida a dawo. Kafin a dawo wata biyu sun wuce.

Jini da ƙoda ma suna da nasu hukuncin. Macen da ta yi watanni tana zubar da jini kan iso da ƙarancinsa, gashi kuma ba ya cin kansa sosai a jikin da jini ya yi ƙasa, saboda haka dangin da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu sun ba da wani ɓangare na maganin. Idan kansar ta toshe hanyar fitsari, ƙoda kan kumbura ta gaza, ba za a iya ba da sisfilatin ba, kuma gazawar ƙodar na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan cuta.

Dole in yi magana da maza. Izinin fita, da kuɗin mota, da sa hannu a takardar tiyata duk a hannunsu suke. Wasu sun tsaya tsayin daka, Allah ya saka musu. Wasu kuwa da wari ya fara sai su ƙaurace wa ɗakin, ko su aika matar gidan iyayenta da sunan jinya, musamman idan suka ji cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar. Ya kamata a sani cewa kusan duk wanda ya taɓa saduwa yakan ɗauki HPV a wani lokaci na rayuwarsa, galibi jiki ya kore ta ba a sani ba, kuma macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Zargi a nan zalunci ne, kuma tsoronsa na sa mata yin shiru.

A shekarar 2020 ƙasashen duniya suka amince da buri uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Na ukun ne ba a jin ɗuriyarsa a wajenmu. Akwai asusun tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda ya haɗa da kansar bakin mahaifa, amma matan karkara da aka yi shi dominsu ba su san da shi ba. Roƙona ga wannan jarida shi ne ta tura wakilanta su binciko yadda ake shiga asusun da takardun da ake nema, su buga da Hausa, sannan ta riƙa sanar da jama'a a kai a kai cibiyoyin da na'urorinsu ke aiki da waɗanda ke yin gashin ciki, domin kada iyali su sayar da kadara su yi tafiyar yini guda su tarar da ƙofa a rufe. Ina kuma roƙon a tambayi ma'aikatun lafiya na jihohi dalilin da ya sa ruwan mofin na kashe raɗaɗi, mai arha, ke wuyar samu ga matan da cutar ta wuce magani, waɗanda ake sallamowa gida su ƙarasa kwanakinsu da farasitamol.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kano.