Masu Sayar Da Bulon Wasa Su Riƙa Faɗa Wa Iyaye Abin Da Ke Cikin Kwali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana 'yan kasuwa da iyayen yara a nan Legas kan wani nau'in kayan wasa da yake ƙara yawa a shagunan Balogun da Idumota, wato ƙananan bulullukan roba da ake harhaɗawa su zama mota, sannan motar ta rikiɗe ta zama mutum-mutumi. Na daɗe ina tara su ina haɗawa tare da 'ya'yana a gidanmu da ke Agege, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake sayar da su ba tare da an yi wa mai saye bayanin da ya kamata ba.

Asalin abin gida biyu ne. Kamfanin Lego na garin Billund a ƙasar Denmark, wanda kafinta Ole Kirk Christiansen ya kafa a 1932, shi ne ya yi rajistar bulon da ke kama juna a 1958. Su kuwa mutum-mutumin Transformers masu juyewa su koma mota, kamfanin Hasbro na Amurka ne ya fito da su a 1984 tare da Takara na Japan. Lego da Hasbro sun daɗe suna gogayya a kasuwa, har Hasbro ya fitar da nasa bulon mai suna Kre-O a 2011, kuma sai a 2022 suka haɗa hannu aka yi Optimus Prime, jagoran jaruman Transformers, na Lego mai bulo guda 1,508, aka biyo shi da abokinsa Bumblebee mai guda 950 a 2024.

A nan ne bambancin da nake magana a kai yake. Optimus Prime ɗin nan idan an gama haɗa shi ba a sake warware shi, domin an yi masa gaɓoɓi a kafaɗa da ƙugu da ƙafafu, ta yadda za a naɗe hannuwa ciki, a tura kai ya ɓuya, a miƙar da ƙafafu baya, sai ga kan tirela a tsaye bisa tayoyinsa. Amma da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Sin, duk da cewa hoton da ke bayan kwali yana nuna mota da mutum-mutumi gefe da gefe, ba sa rikiɗewa ko kaɗan: sai an wargaza motar ɗaya bayan ɗaya kafin a gina mutum-mutumin daga tushe. Wannan ba aibi ba ne a kansa, hasali ma na farkon Kre-O haka suke, kuma yaron da ya wargaza ya sake ginawa yana koyon haƙuri da bin littafin jagora shafi bayan shafi. Aibin shi ne uba ya biya kuɗi yana zaton ya sayi mai gaɓoɓi, ya kai gida yaro ya yi ta murɗawa har wani abu ya karye.

Haka kuma ba kowane bulon da ba na Lego ba ne jabu. Wa'adin kariyar ƙirar bulon ya ƙare tun tuni, saboda haka akwai kamfanonin da ke yin nasu da sunansu, wasu ma ingancinsu ba laifi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 su ne aljihun yawancinmu zai iya ɗauka. Jabu shi ne wanda ya kwaikwayi tambari da kwalin wani. Mai saye yana iya gwadawa a shago: bulon kirki yana kama ɗan uwansa tsam, ana kuma iya raba su da yatsa ba sai an sa haƙori ba, kuma na Lego na asali akwai sunan kamfanin rubuce a kan kowane ɗan tudun da ke samansa. Ni kaina an taɓa sayar mini da kwalin da aka riga aka buɗe, babu gaɓar kafaɗa ɗaya a ciki, kuma rashin wannan guda ɗaya ya isa ya hana abin tsayuwa.

Na san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da duk abin da ke da siffar mutum. Wannan fage ne na malamai, ba nawa ba, sai dai ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yar tsana a gidan Manzon Allah (SAW).

Roƙona ga masu shaguna, musamman 'yan uwanmu da ke sari a Legas suna kaiwa Kano da Kaduna, shi ne su haɗa guda ɗaya su ajiye a kan kanta domin mai saye ya juya shi da hannunsa, su kuma nuna masa shekarun da aka rubuta a jikin kwali. Manyan na Lego da na ambata an rubuta musu shekara 18 zuwa sama, kuma duk mai ƙananan guda bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba, saboda yana iya haɗiyewa ya shaƙe shi.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas