Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Dalilin da Ya Sa Ake Cewa Yaƙin Koriya Bai Ƙare Ba

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaye mu a gaban jama'a cewa tunda an daina ba-ta-kashi tun 1953, me ya sa har yau ake cewa Koriya ta Arewa da ta Kudu suna cikin yaƙi, ko dai 'yan jarida ne ke ƙara gishiri? Babu gishiri a maganar. Amsar tana cikin irin takardar da aka sa wa hannu.

Tushen abin a taƙaice: da Japan, wadda ke mulkin mallakar Koriya, ta faɗi a 1945, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba ƙasar a layi na 38 na taswirar duniya. Ranar 25 ga Yuni 1950 sojojin Kim Il Sung, shugaban Arewa, suka tsallako da tankoki, cikin kwana uku suka kama Seoul, babban birnin Kudu. Amurka ta shigo da tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, har da bataliyar Kagnew ta Habasha a cikin rundunar daga baya, aka kora 'yan Arewa kusan bakin kogin Yalu da ke iyaka da ƙasar Sin. Sai Sin ta aiko da nata dakarun a Oktoba. Kafin tsakiyar 1951 Seoul ta sauya hannu sau huɗu, kowa ya koma kusan inda ya taso.

Aka zauna tattaunawa a garin Kaesong ranar 10 ga Yuli 1951, daga baya aka koma ƙauyen Panmunjom. Shekara biyu ana zama, ana kuma mutuwa a kan tsaunuka. Abin da ya fi cin lokaci shi ne fursunonin yaƙi. Arewa da Sin suka ce a mayar da kowa gida. Amurka ta ce a tambayi kowane fursuna tukuna, domin dubbai sun ce ba za su koma ba. Sai bayan mutuwar Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a Maris 1953 ƙullin ya kwance. Aka danƙa masu ƙin komawa ga wani kwamiti da Indiya ke shugabanta, aka ba wakilan ƙasashensu kwana 90 su lallashe su. 'Yan Sin kimanin 14,000 suka zaɓi Taiwan, Amurkawa 21 kuma suka ƙi komawa gida.

To ga inda gizo ke saƙar. Takardar 27 ga Yuli 1953 yarjejeniyar tsagaita wuta ce tsakanin kwamandojin soja, ba sulhu tsakanin gwamnatoci ba. Janar William Harrison na Amurka da Janar Nam Il na Arewa suka sa hannu da ƙarfe goma na safe ba tare da sun ce wa juna uffan ba, bindigogi suka yi shiru da ƙarfe goma na dare. Koriya ta Kudu ba ta sa hannu ba sam. Shugabanta Syngman Rhee so yake a ci gaba har a haɗe ƙasar, shi ne ma ya saki dubban fursunoni a watan Yuni don ya ɓata shirin.

Abin da takardar ta tanada kaɗan ne. An ja layi a inda sojoji suke tsaye a lokacin, ba a layi na 38 ba, shi ya sa Kaesong ta faɗa hannun Arewa. Kowane ɓangare ya ja baya kilomita 2, aka samu zirin da aka haramta girke soja mai faɗin kilomita 4 da tsawon kusan 250. An hana shigo da sababbin makamai sai dai musanya tsoho da irinsa, aka sa Suwidin, Suwizalan, Folan da Cekoslobakiya su sa ido. Sannan sakin layi na 60 ya ba da shawarar a yi taron siyasa cikin wata uku a warware batun Koriya gaba ɗaya.

Wannan taron shi ne ya kamata ya kashe yaƙin. An yi shi a Jeniba a 1954, ya watse a kan yadda za a yi zaɓe da wanda zai kula da shi. Daga nan ginshiƙan suka fara zubewa. A 1957 Amurka ta ce ba ta ƙara bin sharaɗin makamai, tana zargin Arewa da karya shi, a 1958 ta kawo makaman nukiliya Kudu. Masu sa ido suka zama 'yan kallo.

Babban giɓin da muke ganin an fi mantawa da shi, Malam, shi ne teku. Takardar ta ja iyaka a tudu amma ba ta ja a ruwa ba. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ita kaɗai ta shata nata layin a tekun yamma, Arewa kuwa ba ta yarda da shi ba. A can jiragen ruwan yaƙi suka gwabza a 1999 da 2002, a can kuma Arewa ta yi wa tsibirin Yeonpyeong na Kudu ruwan igwa a Nuwamba 2010, mutum huɗu suka mutu.

A Afrilu 2018 shugaban Arewa Kim Jong Un da shugaban Kudu na lokacin Moon Jae-in sun haɗu a Panmunjom, suka yi alkawarin ayyana ƙarshen yaƙin a cikin shekarar. Ba a ayyana ba. Sojojin Amurka kimanin 28,500 na nan a Kudu, takardar 1953 kuma ita ce har yau ke riƙe da bakin bindiga.

Wassalam.