A daina kware rufin gida a tsakiyar damina

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan uwana mutanen Maradi kan wannan ɗabi'a ta sake rufin gida cikin Yuli ko Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a nan wajenmu.

Sai ka ga magini ya ɗaga kai da safe yace ai yau garin garau yake, a cire tsohon tol duka, kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas da iska da ƙura, ga ɗaki a buɗe ba ko leda. Maƙwabcina haka ta same shi, bangon laka ne, ruwa ya sauka ta samansa ya jiƙa shi har ƙasa ya tsage, katifu da buhunan hatsi duk suka sha ruwa, siminti kuma ya daskare a cikin buhu, wallahi abin tausayi.

Kuma katakon da ya jiƙe in an buga masa ƙusa, yana bushewa sai ya lanƙwashe ƙusar ta saki, iskar farkon damina ta baɗi ita za ta yaye tol ɗin. Ga santsi, ga tsawa, yaran magina suna sama ba takalmin kirki.

Tun daga Oktoba har Mayu ai akwai lokaci. In kuma yoyo ne ya matsa, to a bi ɗaki ɗaki, wanda aka buɗe a rufe shi ran nan, a tanadi babbar leda tun kafin a hau.

Naku,
Wani mai karatu daga Maradi