Malam Edita, fiya wata ba ruwan lagireto ba ne

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ƙorafi na kawo kan bakaniken nan da kuka gayyato shirin motoci na gidan rediyonku na ranar Asabar. Har yanzu maganarsa na ci mini rai. Wai mu a Kano ba mu da ƙanƙara, don haka kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman da ake zubawa a lagireto, ɓarnar kuɗi ce, mutum ya fasa fiya wata biyu ya zuba a lagireto ya kama gabansa. Mai gabatarwa kuma, maimakon ya tsayar da shi, sai ya yi dariya ya ce “ka ji manya”. Haba!

Ni wannan shawarar ta taɓa kwana da ni a daji. Hilux gare ni mai shan gas, fowil, da ita nake zuwa gona a Doguwa. Shekara uku bakanikena yana ɗura mata ruwan ’yan garuwa, ya kuma cire mata tamostat, na’urar da ke daidaita zafin inji, ya jefar, wai na ƙasar Turawa ne. Ban musa ba, tunda shi ne mai sana’a. Ran nan cikin watan Afrilu, rana kamar ta dafa mutum, na ɗauko taki na wuce Tudun Wada na shiga Falgore, sai allurar zafi ta haye ja. Kafin in sauka gefen titi tururi ya turnuƙe bonet. Duk wanda ya san dajin nan ya san ba wurin tsayawa ba ne bayan la’asar. Yaron motata ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, Allah ya sa na buge hannun, da yanzu ba shi da fatar fuska.

Da aka jawo ta gari aka kwance, abin da ya fito daga lagireton ja ne jawur, mai kauri kamar kunun kanwa. Fuka-fukan wata-famfo duk tsatsa ta cinye su. Gasket, shimfiɗar da ke tsakanin inji da murfinsa, ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, top kuma, wato murfin saman injin, da yake na alminiyam ne, ya lanƙwashe. Kwana huɗu ina zarya a Ƙofar Ruwa ina neman wani, kuɗin da na ware na ’yan ƙwadago duk can suka tafi.

Shin baƙon naku bai taɓa leƙa cikin butar dafa shayi ba? Farin dattin nan da ruwan burtsatse ke bari a gindinta, shi ne ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Kulan kuwa ba maganin ƙanƙara kaɗai ba ne, akwai maganin tsatsa a ciki. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma in an haɗa shi rabi da rabi da kulan sai ya haura haka, murfin lagireto mai kyau ya ƙara matse shi. A garin da zafi ke wuce digiri 40, ga kaya, ga hawa, injin gas na gurnani, ai mu ne ma muka fi bukata. Toyota da kansu sun rubuta cewa nasu mai ruwan hoda ana fara canza shi a kilomita 160,000, daga nan duk bayan 80,000. Ba su ce ban da ’yan Kano ba.

Yanzu da kaina nake tsayawa a kai. Sai inji ya huce sarai, a zubar da tsohon, a wanke har ruwa ya fito fes. In kulan ɗin mai kauri ne a sirka da tataccen ruwa, kuma ba a gwamutsa koren kulan da ja. A tayar da mota murfi a buɗe, a kunna hita, a jira kumfar iska ta gama fita, washegari a sake dubawa. Tsohon kuma a tare shi a jarka: zaƙi gare shi, guba ne, akuya ko yaro na iya lasa. Wannan ne ya kamata mu ji a shirinku, ba dariya ba.

Sannan don Allah, tallan mai maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri fa? Ina tafe da ’ya’yana mata zan kai su Islamiyya, sai ga shi yana ambaton abin da ko a majalisar samari ba a faɗa. Sai da na kashe rediyon.

Ku dawo da bakaniken nan ya janye maganarsa da bakinsa. In ya ƙi, tsohon top ɗina yana nan a zaure, zan kawo muku shi har tasha ya gani.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Ɗorayi, Kano