Mafarauta ma suna karatu, littafin da ya dace da su ne babu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ɗan bani fili inyi magana akan wasu mutane da ba'a cika tunawa dasu ba in ana zancen karatu, wato mafarauta da maharba da sauran masu yawon daji irin masu su da masu ɗiban zuma. Mutane sun ɗauka mafarauci daga gora sai kare sai kirari, to wallahi ba haka bane, nidai a cikinsu nake anan Zariya kuma nasan da yawansu sunyi allo, wasu sunyi boko har da masu difloma, akwai tela akwai direba akwai malamin firamare, in rani yayi an gama girbi kowa ya ɗauko kayansa a fita.

Dattawanmu kam karatunsu na ajami ne. Kusan kowane tsohon maharbi yana da kundi a gafaka, takardu sunyi ja saboda tsufa da hayaƙi, gefensu duk ya cinye, a ciki zakaga addu'ar shiga daji da sunayen saiwoyi da yadda ake haɗa su, wani shafin ma rubutun kakansa ne. Matsalar itace basa bari a gani, in mutum ya rasu kuma 'ya'yan basu damu da harkar ba shikenan gara ta gama dashi a ɗaki. Su kuma samari karatunsu a waya yake, guruf guruf na WhatsApp da Facebook, hoton nama da bidiyon kare da muryar wani yana kirari, ba laifi bane amma ba abinda zaka koma ka duba bayan shekara.

Yanzu kuma lokacin zaman gida ya ƙaru, tunda dazukan Birnin Gwari da wajen Giwa sun zama abinda suka zama ba mai hankalin da zai ɗauki yaran mutane ya kutsa, sai dai a kewaya fadamun Galma da bayan Kufena a samo ɗan zomo ko gafiya ko fakara. To ai wannan zaman shine ya kamata ace akwai abin karantawa a hannu.

In wani ya tambayeni me zai karanta, gaskiya abinda zan iya nuna masa duk da Turanci suke. Na farko littafin tsuntsaye na Borrow da Demey mai suna Birds of Western Africa wanda ya fara fitowa a 2001, shi wannan ko baka jin Turanci zaka amfana domin zane ne mai kala shafi bayan shafi ga ƙaramar taswira tana nuna inda ake samun kowane tsuntsu. Na taɓa kaiwa wani dattijo da muke kira Baba, ya saka tabarau ya ɗora littafin a cinya yana lasar yatsa yana buɗewa, wannan shamuwa ce, wannan zalɓe, wannan burtu, wannan cilakowa, yazo kan gauraka sai yayi shiru yace rabonsa da ganinta a fadama tun yana da ƙuruciya, kuma fa tsuntsuwar da ake cewa itace ta ƙasa kenan a Najeriya. Har gyara ya riƙa yi, wai wannan ba'a ganinsa sai damina ta kankama, wancan kuma baya sauka akan kowace bishiya sai gawo. Jikansa na gefe da fensir yana rubuta sunan Hausa a ƙasan kowane zane. Nidai ina ganin abinda sukayi a tabarmar nan yafi wani taron ƙarawa juna sani da ake kashewa kuɗi a otal.

Na dabbobi kuwa akwai na Jonathan Kingdon na dabbobin Afirka da ya fito a 1997, shima zane ne, sai na Happold, The Mammals of Nigeria na 1987, wanda yafi zama na 'yan jami'a kuma samunsa a kasuwa da wuya sai dai a nema a laburare. Na itatuwa kuma wani likita Bature Dalziel da yayi aiki a Arewa ya tara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, daga baya a 1937 ya fitar da babban littafi akan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Abin haushi ne kam, bayanin daga bakin kakanninmu aka ɗauka amma jikokinsu sai sun nemi mai fassara kafin su karanta.

Abinda yafi damuna shine maganar maciji. Kububuwa tafi kowane maciji kashe mutane a wannan yanki namu, dafinta hana jini daskarewa yake, mutum zai dawo gida yana tafiya da ƙafarsa yana cewa ai da sauƙi, kwana ɗaya biyu sai kaga dasashi na jini, fitsari na jini, tsohon miki ya ɓalle. A nan Zariya fa aka yi wani babban bincike akanta, Dakta David Warrell yayi aikin a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a farkon shekarun 1970, ga kuma asibitin masu cizon maciji a Kaltungo ta jihar Gombe, amma har yau samarinmu in abu ya faru sai a ɗaure ƙafa tamau da roba a tsaga da reza wani ma ya kafa baki ya tsotsa, alhali likitoci sun daɗe da cewa duk wannan ƙara ɓarna yake, abinda akeso a kwantar da mutum a hana gaɓar motsi a cire zobe ko wani abu mai matsewa a garzaya asibiti inda akwai allurar kashe dafi. Ban raina maganin iyaye ba, nima ina da nawa a aljihu, amma a sha a hanyar asibiti. Wannan bayanin duka bai wuce shafi biyu ba in da za'a buga shi da Hausa da ajami.

Sai doka. Da yawa basu san dokar bindigogi ta 1959 tace ko bindigar toka sai da lasisi daga kwamishinan 'yan sanda na jiha ba, basu san farauta a gandun daji na ƙasa irin Kamuku laifi bane, basu san akwai dokar 1985 da ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa wadda aka ƙara mata tsanani a 2016 ba, sai ranar da aka tare mutum da ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki, a buhu ko kan ungulu sannan yaji labari. Tun bayan abinda ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 inda aka kashe 'yan uwanmu mafarauta 16 akan hanyarsu ta dawowa gida sallah, Allah ya jiƙansu, samari suke ta tambayar wace takarda ya kamata mutum ya riƙe in zaiyi tafiya da makami. Ba ina cewa takarda ce zata hana azzalumi zalunci ba, alhakin jinin nan yana kan waɗanda suka zubar dashi, amma tambayar tana nan kuma ba inda zaka ce musu su buɗe su karanta.

Abin mamakin ma a Zariya muke, garin Kamfanin Gaskiya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda aka riƙa fitar da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci masu arha ana kaiwa har ƙauye, ga ABU da sashen Hausa da na dabbobi da tsirrai, ga kwalejoji ko ina, amma ace ba ɗan littafi ɗaya da zai shiga aljihun mafarauci.

Roƙona gareka Malam Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata. Wata ɗaya a zauna da Sarkin Baka na wani gari ya faɗi yadda ake bambance sawun gada da na mazo, wani watan likita yayi bayanin maciji ko zazzaɓin Lassa da ake ɗauka wajen ɓera, wani watan lauya. A saka hoto babba dan Allah, kuma a rubuta da Hausar da muke ji ba ta ofis ba. In an tara na shekara biyu ai littafi ya samu, mu kuma zamu ɗauki nauyin karanta shi da murya mu tura a guruf saboda waɗanda idonsu ya raunana. In kun shirya turo wakili, ya faro da tsofaffin cikin Birni da na ƙauyukan Soba da Igabi, ya zo da goro kuma kada ya fara da tambayar asiri.

Naku,
Wani mafarauci mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Zariya.